Farin Ƙyalle a Tagar Aji Uku

Sheme,
9 ga Oktoba, 1976

Aminina Maharazu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Mero da yara. Yaya Kaduna, yaya kujerar ofis? Na ji ka yi mota, Allah ya tsare hanya. Ni har yau ina kan keken nan da ka sani.

Ka tuna itatuwan bedi goma sha biyun da na dasa a gefen makaranta, shekarar da aka ba ni hedimasta, kana yi mini dariya ina jan garwa? To, sun yi inuwa, kuma tun da aka zuba kwalta inuwar ta zama tashar manyan motoci. Direbobi na yada zango daga hantsi har azahar, ba su kuma kashe inji, wai in sun kashe ba ta tashi sai da turi. Hayaƙin gas a tagar aji uku yake ƙarewa. Rabin ajin na tari. Ɗiyata Bilki a can take, ita fuka ce ta kama ta.

Na sayi farin yadi na yanka ƙyalle biyu, na rataye ɗaya a tagar aji uku, ɗaya a aji shida da ke can bayan fili. Ga su nan cikin ambulan bayan mako guda, ba sai na gaya maka wanne ne wanne ba. Don Allah ka nuna wa manyanku. Takarda ɗaya mai hatimi nake roƙo, ta hana tsayuwa a nan, don direbobin ba su jin maganata, ba su jin ta mai gari.

Ka gaida gida.

Naka har kullum,
Zailani

Sheme,
20 ga Fabrairu, 1977

Maharazu,

Salamu alaikum. Yaya aiki, yaya iyali? Ina tambaya ne bisa al'ada, tunda amsa ba ta zuwa. Wannan ne ƙyalle na tara.

Sufeton makarantu ya zo watan jiya. Ya dubi bangon aji uku ya ga baƙi, ya rubuta cewa hedimasta ba ya kula da tsafta, a shafa farar ƙasa. Mun shafa. Ta yi kwana goma sha ɗaya ta koma baƙa.

Akwai abin da ke cina, ban taɓa gaya wa kowa ba. Tun farko matata Barakatu ta roƙe ni in ɗauke Bilki daga bakin taga. Na ƙi. Yara saba'in ne a ajin tun da aka buɗe karatu kyauta, in na ɗauke tawa, ɗiyar wani zan sa a wurin, gari ya ce hedimasta ya yi son kai. Na tsare sunana, na bar ta tana shaƙa. Yanzu Barakatu ta kai ta Sabuwa wurin kakarta, kuma cikin mako biyu numfashinta ya daidaita. Wace hujja kuma kuke jira?

Ina jira duk da haka.

Zailani

Sheme,
6 ga Afrilu, 1977

Malam Maharazu,

Assalamu alaikum. Ina fatan ƴaƴanka suna lafiya, da zuciya ɗaya nake wannan fatan.

Bilki ta rasu ranar Talatar makon jiya. Ni na je Sabuwa na ɗauko ta saboda jarrabawa, uwarta tana kuka, ina cewa kwana biyar ne kawai. Na sa ta a can ƙuryar aji, nesa da taga, amma hayaƙi bai san ƙurya ba. Rana ta uku ta faɗi tana neman iska, ba mu kai asibitin Funtuwa da ita ba. Da aka nemi likkafani sai na tuna da sauran farin yadin nan. Ya ishe ta, ba ta da girma.

Ranar sadakar uku na ari gatari na sare bedin, duka goma sha biyun, ba wanda ya iya riƙe ni. Washegari ko mota ɗaya ba ta tsaya ba. Abin da na yi wata shida ina roƙo, ashe yini ɗaya ne aikinsa, kuma a hannuna yake. Wannan ba zan yafe wa kaina ba.

Jiya takardar ofishinku ta iso, kwana huɗu kacal bayan saran. Ashe kuna da hatimi, kuna da masinja. Na gane sa hannunka, bai canza ba tun muna kwalejin horon malamai. Kana neman in bayyana a rubuce dalilin da ya sa na lalata itatuwan gwamnati.

Buɗe aljihun teburinka, dalilin yana ciki, ƙyalle tara. Na goman ba zan iya aiko maka ba, yana jikinta.

Ka huta lafiya.

Zailani Gide,
Hedimasta