Gogen Kakana

Laraba da dare, Perry Barr

Na gaji. Gobe zan tsaya gaban aji in yi bayani a kan tsohon kiɗan jazz ɗin da malamarmu, Miss, ta ba ni. Violin ne, wato gogen Turawa, da gita kawai, sai ƙarar tsufan faifai kamar ana suya. Tun da na dawo nake ta maimaita shi a kicin, na kasa rubuta komai daga kaina.

Kaka, da ta zo daga gidan Kawu a Withington, tana gyaran alayyafo. Sai ta ɗago kai. "Wa ke jan goge haka? Ƙaro sautin, 'yar nan. Haka kakanku yake sa shi kuka, mai garaya na biye da shi."

Ni kuwa ce mini aka yi kakana ɗan kasuwa ne.

Umma ta ajiye ludayi. "Hajiya, don Allah. Ke kuma kar in ji wannan a presentation. Fadila ajinku ɗaya, kin san bakin uwarta. Kafin Juma'a kowa a masallaci ya ji mu dangin maroƙa ne."

"To ƙarya ne?" in ji Kaka. "Gogen nan ne ya raini mijinki."

Ko sunana da ƙyar nake iya faɗa a aji. Kuma ba na son ɓata wa Umma rai. Amma duk sauran bayanin daga intanet na kwaso, wannan ne kaɗai nawa.

Zan faɗa. Bayan an tashi daga makaranta zan gaya wa Umma da bakina, kafin uwar Fadila ta riga ni.