Gorar Rufin Ɗaki

Bandung, 3 ga Afrilu, 1934

Zuwa ga yayata, Mbakyu Wagirah,

Gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ke da maigidanki Mas Tukiran. Ƙafata ta warke, ɗingishin ma sai wanda ya sani.

Kada ki yi faɗa, na fara ƙera jirgin sama na uku. Shi ma ba inji, mutum takwas za su ja shi da igiyar roba daga kan tudu. Na farko hanci ya kafa a gonar rogo, na biyu kin san abin da ya yi mini, amma yanzu na gano inda nauyin ya karkace. Ƙungiyarmu ta sa rana ƙarshen Mayu, manyan injiniyoyi za su zo kallo. Katakon fiffike bai samu ba, sai na sari gora makon jiya, har na ɗaure haƙarƙarin fiffike ɗaya. Kullum na tashi daga aiki a wurin jirgin nake ƙarasa wuni.

Ki sa mini albarka.

Ƙanenki, Kasidjan

*

Muntilan, 11 ga Afrilu

Zuwa ga ƙanena, Dik Kasidjan,

Muna lafiya. Faɗa kuwa sai na yi.

Ɗanyar gora? Kai da ka tashi a gidan mahaifinmu Bapak, wanda ko kejin kaza ba ya yi da gorar da ba ta kwana cikin laka ba? Ka manta abin da yake cewa, ɗanyar gora zaƙi gare ta, ƙwari su cinye cikinta, bayanta yana nan sumul. A kan wannan za ka ɗora ranka? Karatun birni ya cika maka kai har ya ture na gida.

Akwai gora ashirin da muka jiƙa a kududdufin bayan gida wata tara ke nan, ta gyaran rufinmu ce. Na sa an tsamo ta, tana tafe a jirgin ƙasa. Mas Tukiran ya yi ta gunaguni, na ce masa ƙane ɗaya gare ni, rufi kuwa ya saba yoyo. Ka jingine ta a inuwa wata biyu cur, kada rana ta taɓa ta.

Tsoro nake ji, Dik. Ga sukarin kwakwa na haɗo maka.

Yayarka mai faɗa, Wagirah

*

Bandung, 2 ga Mayu

Mbakyu,

Bayan gaisuwa. Saƙo ya iso, da warinsa. Abokaina sun toshe hanci, Sumardi ya ce, "Kasidjan, jirgi za ka yi ko mushen bauna ka kawo mana?" Yanzu Mai Laka suke kirana.

Kin san lissafi. Wata biyu ya zarce ranar da aka sa, shekara uku kuma nake jiran waɗannan mutane su ga aikina. Na zauna ne don in rubuta miki cewa ba zan jira ba, har na kai rabin takarda. Sai na tashi na ƙwanƙwasa fiffiken da bayan yatsa yadda Bapak yake yi, don in samu hujjar da zan kafa miki. Gari ya zubo mini a tafin hannu, fari, laushi kamar na shinkafa.

Na kwance ɗauri ɗari biyu da sittin, ɗaya bayan ɗaya. Haushinki nake ji har yanzu, kada ki ce ban faɗa ba.

Ki gaida Mas Tukiran, ki ba shi haƙuri.

Kasidjan

*

Bandung, 19 ga Agusta

Mbakyu abin ƙaunata,

Gaisuwa da ban girma. Ki yafe shirun da na yi. Ranar taron a cikin masu jan igiya na tsaya, na ja wa wasu suka tashi, ana tafa musu. Ya yi mini ciwo ƙwarai.

Jiya da safe muka fitar da nawa. Babu injiniya ko ɗaya, daga abokaina sai wani tsoho mai kiwon agwagi. Igiya ta saki, na jira in ji ƙarar karyewa, ban ji komai ba sai iska. Na ƙirga arba'in da ɗaya kafin na taɓa ƙasa, da ƙafafuna biyu lafiya. Sumardi ya rungume ni yana cewa, "Mai Laka, yayar nan taka tana da sauran gora?" Tsohon kuwa cewa ya yi na firgita masa agwagi.

A can sama ma ana jin ɗan warin kududdufinmu, Mbakyu. Na yi kuka.

Zan zo da sallah in hau rufin da kaina.

Ƙanenki har abada, Kasidjan

*

Muntilan, 6 ga Nuwamba

Dik,

Muna gaisuwa. Damina ta sauka, kwano huɗu muke tarawa a ɗaki. Ramin da ke saitin shimfiɗata ya ƙara faɗi, Mas Tukiran ya so ya toshe shi da ganye na hana. Ta nan nake leƙen sama ko zan ga ka wuce.

Na jiƙa wata gorar, arba'in wannan karon. Ashirin ta rufi ce, kada ka sa mata ido.

Allah ya tsare mini kai.

Wagirah