Kujerar Dama

Ya ke sanyin idona, hasken safiyata, inuwar da nake hange tun daga saman gajimare, uwar ɗakina kuma uwar 'yata,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kin tashi lafiya, da fatan kuma kin ga wannan takarda kafin ki ɗora mata kofin shayi. Ina rubuta ta ne a wani ƙaramin filin jirgi mai benci biyu da fanka ɗaya, ruwan sama ya tsare mu, fasinjoji kuma suna ta harara ta kamar ni na haɗo hadarin. Gobe da sassafe zan ajiye miki ita a ƙarƙashin filas. Da baki na so mu yi maganar, amma tun ranar da kika koma kirana Malam na gane cewa an rufe mini wannan hanyar. Ni da na saba jin "Direba, ga abincinka," yanzu sai "Malam, abinci na kan tebur." Wallahi ko injin da ke tari a sama bai taɓa tayar mini da hankali kamar wannan Malam ɗin ba.

Bari in fara da abin da babu gardama a kansa. Aikina ya sa na ga abubuwan da mawaƙa ke kwatanta mata da su, kuma na gan su kusa da kusa. Na ga fitowar rana daga saman girgije, na duba ta da kyau, ba ta kama ƙafarki ba. Na ga bakan gizo ya zagaye cif, na ga kogi yana sheƙi kamar an ja zaren azurfa a ƙasa, na ga walƙiya tana wasa a cikin hadari daga nesa. Duk suna da kyau, ban ce ba su da shi ba. Amma wanne ne a cikinsu ya taɓa yi mini murmushi da gefen baki ɗaya yana ninke kaya? Wanne ne ya san ba na son sukari ya wuce cokali? Ya ke raɓar asubahina! Idan na ce babu kamarki, ba zaƙin baki ba ne, rahoto ne daga wanda ya je ya gani.

To ga maganar da ta raba mu. Babban matuƙin kamfani ya kira ni ofis ya ce lokaci ya yi, in karɓi ratsi na huɗu a kafaɗa, in tashi daga kujerar dama ta mataimaki in koma ta hagu, a fara kirana Kyaftin. Yana jiran amsata gobe, da zarar mun sauka da jirgin la'asar. Na zo gida na gaya miki, kika yi tsalle har ɗankwalinki ya zame, ni kuma na ce ina ganin ba zan karɓa ba. Kika tsaya kika kalle ni. Abin da kika faɗa yana nan a kunnena har yanzu: "Ba na so wata rana ka tsufa ka kalle ni, ka ce ni ce na riƙe maka ƙafa." Daga nan Malam ya shigo gidanmu ya samu wurin zama.

Na san abin da ke ci miki rai, kuma ban raina shi ba. Na san Yaya, babban wanki, ba ya ganina bai ce, "A'a, Kwandasta, har yanzu ba su ba ka sitiyarin ba?" Na yi masa bayani ya fi a ƙirga cewa sitiyari biyu ne, kuma bi da bi muke tuƙi, ya ce haka duk kwandastoci ke faɗa. Na san yana yi miki ciwo ki ga yaran da na koya wa inda ake ajiye jaka sun zama kyaftin, ina ce musu ranka ya daɗe. Kuma, ki yi haƙuri, ina neman abin yankan farce na buɗe durowar ɗankwalayenki, na ga ratsi huɗun da kika saya kika naɗe a leda. Ledar har ta fara dafewa, alamar ta jima tana jira. Na daɗe a tsaye da ita a hannu. Ban taɓa sanin akwai mai yi mini buri a ɓoye haka ba, kuma sai da idona ya kawo ruwa.

Amma ya ke zumar da ba ta gundura, ki bar ni in gaya miki yadda gidan aikinmu yake, don daga waje hula kawai ake gani. A wajenmu komai layi ne. Wanda ya riga shiga shi ke fara zaɓar jadawalin wata, na baya ya kwashi abin da aka rage. A layin mataimaka yanzu ni ne kusan na gaba. Shi ya sa nake ɗaukar zirga-zirgar yini, in tashi da safe, in yi ta tsalle daga wannan ƙaramin gari zuwa wancan da jirginmu mai farfela biyu, in ci biskit a kan cinya, in zagaya tayoyi cikin ruwa, amma kafin magariba ina ƙofar gida ina cire takalmi. Ranar da na sa ratsi na huɗu kuwa, na zama autan kyaftin. Auta ba ya zaɓe. Za a tura ni wancan garin mai nisa inda babu mai son zuwa, a sa ni zaman ko-ta-kwana, waya a hannu, jaka a ɗaure, sai an kira. Kuma layin kyaftin ba ya tafiya, domin babu mai barinsa sai wanda furfura ta kora.

Kin manta zaman ko-ta-kwana? Ni ban manta ba. Mun yi shi a farkon aurenmu, lokacin ina sabon mataimaki. Ɗakin haya a bayan filin jirgi, gadaje masu hawa biyu, matuƙa suna kwana bi da bi, ka zo ka tarar da katifa da ɗumin wani. Ina shiga wanka da waya a cikin leda. Ke kuma kina can kina ajiye mini abinci, ki ɗumama, ki sake ɗumamawa, a ƙarshe ki ba maƙwabta. Mamana, 'yarmu, a waya na ji kukanta na farko, ina tsaye a ƙarƙashin fiffike ina toshe kunne ɗaya. Da ta fara wayo, duk sanda na shigo da jaka sai ta ruga bayan zaninki tana leƙena, kamar mai karanta mitar wuta ne ya zo. Kika yi ta ce mata, "Abbanki ne fa," ita kuma ta ƙi sakin zanin. Na yi dariya a ranar don kada ki damu. Ba abin dariya ba ne, ya ke rabin raina. Ina tsoron in sake ganin wannan leƙen, kuma yanzu ta yi girman da ba za ta ɓuya ba, sai dai ta gaishe ni da ladabi ta wuce ɗaki.

Ga Kyaftin Ba-Komai nan a benci na biyu yana gyangyaɗi, shi ne nake tashi da shi a wannan watan. Sunan ya samo shi ne don ko me ya faru abin da yake cewa ke nan. Tsuntsu ya bugi gilashi, ba komai. Hasumiyar filin jirgi ta ce mu yi ta zagaye, ba komai. Ɗazu na tambaye shi shawara, ya ce, "Ni na karɓa da wuri. Yarana a waya suka girma. Babban ya yi aure, na iso an gama kwashe kujeru." Na jira ya ce ba komai. Bai ce ba.

Yanzu ga abin da ban taɓa gaya miki ba, don ina jin kunyar a ce namiji mai gemu da wannan yake rayuwa. Kin tuna ranar da muka je duba gidan nan? Dillali yana ta ba mu haƙuri a kan ƙarar jirage, yana cewa da an saba shi ke nan. Muna saman bene wani jirgi ya wuce ƙasa-ƙasa, har tagogi suka yi rawa. Kika ɗaga kai, iska tana kaɗa mayafinki, kika ce, "Ƙarar nake so. In na ji ta na san ya kusa." Dillali ya kalle ni da tausayi. Ni kuwa a wannan lokacin da an ce in zaɓa tsakanin sararin sama gaba ɗaya da wannan matar mai riƙe mayafi da haƙori, da ban ɓata wa kowa lokaci ba.

Abin da ba ki sani ba shi ne, idan muka saito titin sauka da la'asar, unguwarmu ta dama take faɗowa. Ta tagata. Bayan makarantar nan mai jan rufi sai tankin ruwanmu shuɗi, sai igiyar shanyarki. Kallo ɗaya nake samu, bai fi ƙiftawar ido ba, sannan in mayar da ido kan aiki. Kin taɓa tambayata ko ina ganinku, na ce muna aiki a lokacin. Gaskiya ne muna aiki. Amma a wannan ƙiftawar nake karanta labarin gidana kaf. In na ga ƙananan kaya jere, an yi wankin makaranta. In na ga labule, Hajiya surukata za ta zo, sai in shirya fuska. In na ga fararen rigunana a tsakiya, ana shiri da ni. In suna can ƙarshen igiya kusa da bututun hayaƙin maƙwabta, na san akwai bayani a gaba. Ranar da rigata ta ɓata kika juye gidan kina nema, ni na ce a duba rufin mai gyaran rediyo, kika ce yaya aka yi na sani. To yanzu kin ji.

Wani lokacin kuma ke nake gani. Ɗigo ne kawai mai launi, hannu a sama kina gyara shanya. Ya ke tauraruwar da ke fitowa da rana tsaka! Duk gajiyar yini, duk ƙarar farfela da ta cika mini kai, duk fasinjan da ya tambaye ni ko babban jirgin ya lalace ne aka kawo wannan, a nan suke sauka kafin tayoyi su taɓa ƙasa. Wa ya taɓa samun irin wannan albashi? Wane kamfani ne ke biyan sa?

Na taɓa leƙa tagar hagu don in san abin da ake ba kyaftin. Garejin tireloli ne, da wani kududdufi kore. Shi ma sai ranar da aka ga damar turo ni wannan hanyar.

Saboda haka ba ke kika riƙe mini ƙafa ba, ki cire wannan daga ranki. Ni ne na samu wurin da nake so na zauna. Ina son tuƙi, kin sani, kuma ba zan yi miki ƙarya in ce ratsi na huɗu bai taɓa shiga mafarkina ba. Ko dai ya sake zagayowa wata rana bayan Mamana ta girma, ko kuma ya wuce ni, in tsufa Yaya yana kirana Kwandasta. Na auna duka biyun, na ga wanda zan iya ɗauka. Amma rayuwar ba tawa ba ce ni kaɗai. Ke kika yi jiran, ke kika ɗumama abincin, ke kika sayi ledar nan kika ɓoye. Ba zan yanke ba tare da ke ba, kuma ba zan iya ci gaba da zama Malam ba.

Ga roƙona. Gobe Kyaftin Ba-Komai ne zai saukar da jirgin la'asar don in samu in leƙo da kyau, na roƙe shi ya ce ba komai. Idan har zuciyarki tana kan in karɓa, ki bar igiyar babu komai a kanta. Zan gani, zan wuce ofis da hulata in ce na amince, kuma na yi miki alkawari ba za ki taɓa jin ƙorafi daga bakina ba, ko a fuska. Zan shiga wanka da waya a leda, in so ki daga can kamar yadda nake son ki daga nan. Idan kuwa kin yarda in ci gaba da dawowa kafin magariba, ki shanya zanin gadon nan ruwan ɗorawa, wanda na ce ya yi haske da yawa ranar da kika saye shi. Na janye maganata. Daidai haskensa yake.

Ba matsa miki nake yi ba, ya ke sarauniyar saman bene, zaɓi naki ne. Na dai duba hasashen yanayi, kamar yadda aiki ya koya mini: gobe babu ruwa, rana za ta fito sosai, da 'yar iska mai busar da kaya. Zanin gadon kuma za ki same shi a bokiti a bayan ƙofar banɗaki. Zan jiƙa shi da sabulu kafin in fita, kin kuma san yadda yake yi in ya wuni a ruwa.

Ko igiya ta cika ko ta kasance fayau, ni naki ne, yau da gobe da ranar da za su karɓi hular su ce in je in huta. Zan leƙo.

Mijinki mai ƙaunarki har numfashi ya ƙare,
Direbanki na kujerar dama