Kuɓewar Inna a Kan Sola

Laraba, bayan Isha'i

Kaina ya kulle. Farantin solar nan na hannu da na saya ya ƙi cika batir. Ɗazu na baro ofis da wuri, na je Kinkinau na wanke Malam Sabo mai shagon da ya sayar min da shi tas, har macuci na ce masa. Ina shigowa gida na tarar da farantin a kan teburin da na ɗora shi a tsakar gida, an lulluɓe shi da yankakkiyar kuɓewa.

Inna ta ce, "Kullum in ka fita nake shanyawa, Habu. Ya fi tabarma zafi."

To, farantin ne matacce, ko kuɓewa ce? Da wane ido zan kalli Malam Sabo? Ita kuwa Inna ta ce gobe saura tattasai.