Ranar da Ka Goya Inna Zuwa Gwashi

Zuwa ga Yaya Haruna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ƙanwa ga wanta, ina fata kana lafiya a can Ikko, in ma har yanzu can kake. Ban manne bakin takardar nan ba. Direban da zai kawo maka ita ya karanta, 'yan tasha su karanta, bai dame ni ba. Na daɗe ina rufa maka asiri a Bukkuyum, na gaji.

Atamfar da ka aiko wa Inna ta iso. Na jefa ta adaka kan sauran. Wadda ba ta iya tashi zaune, ina za ta da sabuwar atamfa?

Bari in tuna maka, tunda ka iya mantuwa. Kai ne ka fara sayen babur a unguwarmu, kanka ya kumbura, ko gaisuwa sai da hon kake amsawa. Ka ƙara masa madubai, ka rataya masa geza, kullum kana goge shi. Amma shokazobar baya, mai shanye gargadar hanya, ta mutu, mai na tsiyaya daga jikinta, ka naɗe ta da tsohuwar roba ka ce ta gyaru.

Kada ka ce ba ka sani ba. Ni ce na roƙe ka ka kai mini buhun gero kasuwa a makon da za a tafi Gwashi, ka ce bayan babur ɗin ba zai ɗauki nauyi ba, zai ƙarasa lalacewa. Buhu ka tausaya wa babur a kansa. Ranar sunan jikar Gwaggo a Gwashi kuma sai ka fito da shi ƙofar gida, ka ce, "Yau Inna ba ta taka ƙasa." So kake mutanen Gwashi su gan ka ka kawo uwarka a kan inji.

Ka san kai ɗan fari ne. Tun da ta haife ka ba ta kiran sunanka, ba ta haɗa ido da kai, ba ta musu da kai. Ni ta juya ta ce wa, "Ki ce ma wancan shi tahi abinai." Na faɗa maka, ka yi dariya, ka ce kunya ce kawai irin tata. Maƙwabta suka taru suna sa maka albarka. Ina za ta iya gwale ka a gabansu? Ta hau ta zauna a kaikaice, ta riƙe ƙarfen baya, don ko kusa ba za ta riƙe rigarka ba.

Mu mata mun riga ku fita a ƙasa, kuka cim mana bayan rafi, inda shanu suka tattake hanya da damina ta bushe duk ramuka. Tun daga nesa nake jin ƙarfe na dukan ƙarfe. Kowane rami bayan babur ya nutse ya daki taya, Inna ta yi sama ta dawo. Na ga fuskarta, Yaya. Ta cije leɓe, gyalenta ya zame ba ta da hannun gyarawa. Na ɗaga maka hannu ka tsaya, kai kuwa ka danna mana hon ka ƙara wuta.

Da a ce wani ka goya, da ya dake ka a kafaɗa ya ce sauke ni. Ita ba za ta iya ba, kuma ka fi kowa sanin haka. Wannan ne abin da na kasa yafe maka.

Da muka isa Gwashi mun tarar an kwantar da ita a ɗakin Gwaggo, sai da mata biyu suka ciccibe ta daga kan babur ɗin. Kai kana waje, samari sun kewaye ka kana nuna musu yadda ake sa wa babur giya. Aka tambaye ta, ta ce, "Ba komi, tsohon ciwon baya na." Ƙarya ta yi dominka. Matar da take daka ta ɗebo ruwa ta yi roron wake, yaushe ta taɓa ciwon baya?

Mun kai ta wurin mai ɗori, mun kai ta asibiti a Gummi, aka ce ƙashin bayan ne ya taɓu. Kafin a gama girbi ka sayar da babur ka gudu, wai neman na magani. Tun daga ranar ni ke juya ta, ni ke wanke ta, ni ke kai ta bayan gida. Har yau in na buɗe baki zan zage ka, sai ta juya fuska bango ta ƙi cin abinci.

Ban manta ba kai ne kake goya ni a wuya in rafi ya cika, kana tsokanata wai nauyina ya fi na jaki. Wannan yayan nake nema. Na san kunya ce ta kore ka, ba rashin so ba. To kunyar ta isa haka.

Jikinta ya yi ƙasa sosai bana, kunu ma da ƙyar yake wucewa. Ta sa na matso da shimfiɗarta bakin ƙofa, wai iska take so. Yanzu babura sun yi yawa a gari, kuma duk wanda ya rage gudu a layinmu sai ta yunƙura ta ɗaga kai. Ɗaga kan nan azaba ce gare ta, ina ganin zufa na keto mata, amma ba ta fasa ba. Kada ka sake aiko komai. Ka zo da ƙafarka, ko ta daina ɗaga kan nan.

Allah ya sassauta mata, ya karyo da zuciyarka gida tun tana gane fuska. Ni kuma ya ba ni ikon amsa sallamarka in ka zo, don a yau ban tabbata zan iya ba.

Ƙanwarka,
Asabe