Kalmar da Ke Gaban Sunansa

Litinin, 3 ga Maris
An kira ni daga kamfanin jiragen ruwa. Jirgin da Baban yara yake gyaran inji a ciki, yau kwana biyu ba a ji ɗuriyarsa ba. A ofishinsu an kafa farin allo, sunaye goma sha ɗaya, gaban kowanne kalma ɗaya ta Turanci da jan alƙalami: missing. Na kwafe ta a tafin hannuna. Kafin in kai gida gumi ya cinye rabinta.

Talata, 4 ga Maris
Na je wurin Auta, tunda ita ce malamar Turanci a gidanmu. Ta ce, "Yaya, abin da ba ya inda ya kamata ke nan, kuma ba a gan shi ba tukuna. Ko maɓallin riga ne ya ɓace haka ake cewa, ko makulli." Na ce, ana faɗa wa mamaci? Ta ce a'a. Sai ta hau gyara ɗankwalin da ba abin da ya same shi. Yarinyar da na goya za ta ɓoye mini fuska!

Tukuna. Wannan kawai na riƙe.

Alhamis, 6 ga Maris
Tsoro nake ji, wallahi. Waya ta yi ƙara, sai in zabura in ɗauka. Surukata ta tambaye ni me aka rubuta, na ce, "Mama, cewa suka yi sun makara." Allah ya yafe mini.

Silifas ɗin Baban yara na nan bakin ƙofa. Haka yake barin su in zai yi tafiya, ba mai taɓawa sai ya dawo ya zura ƙafa. Shekara goma sha huɗu ko shara zagaye su nake yi.

Asabar, 8 ga Maris
Abinci ya ƙi wucewa.

Litinin, 10 ga Maris
Akawun kamfanin ya fito da tsumma a hannu, muna tsaye gaban allon mu matan. Ya goge kalmar a gaban sunaye biyu. Wata mai goyo ta zube ƙasa. Innalillahi! Gawa biyu aka tsamo. Na tare akawun, ya ce, "Baiwar Allah, ba ma goge wa kowa sai an ga mutum, da rai ko ba rai."

Mako guda ina tsine wa kalmar nan. Yau addu'a nake a bar mini ita. Tsumman nan nake tsoro.

Laraba, 19 ga Maris
Har yanzu tana gaban sunansa. Saura mu uku masu zuwa ofishin.

An yi ruwa da hantsi. Na shigo da silifas ɗin, na wanke, na goge, na tura ƙarƙashin gado. Don kada su lalace ne kawai. Mama ta dubi bakin ƙofa, ta dube ni.

Rana ta fito tun azahar. Ban mayar da su ba.