Na yi shiru aka sa Inna ta tsallake yaro

Salama a gare ku masu wannan shafi da masu karatu. A ɓoye sunana, kuma don Allah ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci.

Ni fasto ne a wata ƙaramar ikkilisiya a ƙasar Tsafe. Muna da wata gwauruwa da kowa ke kira Inna, daddawa take sayarwa ta ci da jikoki biyu. Da daminar bana ɗan wani dattijon ikkilisiya ya kwanta da zazzaɓi, yana sambatu ya ambaci sunanta. Shi ke nan, aka ce ta kama masa kurwa. Aka kira ni, na tarar an jawo ta tsakar gida ana cewa sai ta tsallake yaron ta sake shi. Ta dube ni ta ce, "Fasto, kai ma ka yarda ni mayya ce?" Na sunkuyar da kai na ce, "Inna, ki tsallake kawai a zauna lafiya." Ta tsallake tana kuka. Washegari ni da kaina na kai yaron asibiti a Gusau, aka ce zazzaɓin cizon sauro ne, aka yi masa allura ya warke. Amma a gari cewa ake tsallakewar ce ta tashe shi, ni kuma ban musa ba.

Me ya rufe mini baki? Kakata tana yarinya, shekarun da Turawa suka fara karɓar haraji, aka kori uwarta daga wani ƙauyen Bungudu a kan maita, don yara sun mutu a shekarar yunwa, ita kuwa ba miji ba dangi. Mahaifiyata ce ta gaya mini, ko matata ba ta sani ba. Kun san an ce a nono ake shan abin. In na tsaya wa Inna wani ya tono asalina fa? Wa zai ƙara karɓar jibin Ubangiji daga hannuna? Wa zai auri 'ya'yana?

Yanzu ba mai sayen daddawar Inna, a majami'a lokacin sujada benci guda ake bar mata ita da jikokin. Shekaranjiya na kai mata tiya biyu ta gero, na bi ta bayan gari don kada a gan ni. Ta karɓa, don yaran ba su ci komai ba, sannan ta ce, "Na gode, ɗana. Amma ba hatsi nika so ba. Ka tashi ran Lahadi ka hwaɗa musu abin da likita yac ce."

Na ce mata to. Gobe Lahadi, kuma dattijon nan, uban yaron, shi ya ba mu filin da muka gina majami'a. In faɗi maganar likita kaɗai, ko in haɗa da ta kakata? Me zan yi?